YouVersion da neman nufin Allah: abin da manhajar ta iya, da inda take gurgunta karatu

Duk Kirista da ya taɓa zama ya tambayi kansa me Allah ya halicce shi ya yi zai sami abin taimako a manhajar YouVersion, matuƙar ya san inda zai taɓa da inda zai kauce wa. A matsayin Littafi Mai Tsarki na aljihu, da wuya a sami wadda ta kamo ƙafarta. Amma idan ana maganar koyon yadda Allah yake siffanta rayuwar kowane mutum da nufi, tana da rauni, kuma raunin yana cikin ɓangarorin da jama'a suka fi ƙauna: ayar kowace rana, hotunan ayoyi, da gajerun tsare-tsaren karatu.

Ikkilisiyar Life.Church da ke Edmond a jihar Oklahoma ta Amurka ce ta fito da ita a 2008, a ƙarƙashin jagorancin Bobby Gruenewald, tana cikin manhajojin farko da suka hau App Store, kasuwar manhajoji ta Apple, a watan Yulin shekarar. A 2021 an kai sau miliyan 500 da ɗora ta a kan wayoyi. Yanzu tana ɗauke da fassarori fiye da 3,000 a harsuna fiye da 2,000. Kyauta ce, kuma babu tallace-tallace a cikinta. Wannan na ƙarshe abin yabo ne na gaske, domin mutum yana tsakiyar Zabura 139 ba zai ga tallar wasan waya ta faɗo masa a fuska ba.

Shirya ta tun ranar farko

Bayan ka ɗora ta, ka buɗe asusu da imel ɗin da kake amfani da shi a kai a kai. Asusun ne yake riƙe maka ayoyin da ka shafa wa launi, da abin da ka rubuta, da inda ka tsaya a tsarin karatu. Daga nan ka shiga wurin karatun, ka danna gajeren sunan fassarar da ke kusa da sunan littafi, ka canza harshe zuwa Hausa, ka zaɓi fassara, ka danna alamar saukewa. Rubutun fassara ɗaya 'yan megabait ne kawai. Da zarar ya sauka, za ka karanta daga Farawa har Wahayi ba tare da intanet ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, sai ranar da sabis ya ɗauke su tarar da farin shafi, su ce manhajar ta lalace, alhali ba su taɓa sauke komai ba, daga intanet take jawo musu sura ɗaya bayan ɗaya.

Sauti da bidiyo da tsare-tsaren karatu su ne masu neman intanet a yawancin lokaci, kuma sauti ya fi rubutu cin data nesa ba kusa ba. Wanda wayarsa ba ta da isasshen wurin ajiya ya nemi ƙanwarta, Bible App Lite, wadda aka yi domin ƙananan wayoyin Android da wuraren da sabis ba ya tsayawa.

Ka sauke fassara biyu, kada ka tsaya a ɗaya. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aka yi sabuwar fassara a 1979, sannan ƙungiyar Biblica ta fito da fassarar Sabon Rai Don Kowa. Harshensu ya bambanta, har sunayen wasu littattafai ma sun bambanta: inda wata ta ce Yahaya wata ta ce Yohanna, inda wata ta ce Mai Hadishi wata ta ce Mai-Wa'azi. Idan ka danna aya, daga cikin abubuwan da za su fito akwai na kwatantawa, wanda zai jera maka ayar a duk fassarorin da ka zaɓa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wannan yana cikin mafi amfanin abin da manhajar take da shi. Ayoyin da suke magana a kan shiri da nufi da kira sukan yi nauyi, kuma sau da yawa abin da ya shige maka duhu a fassara ɗaya sai ya fito fili a ta biyu.

Wurin bincike yana da 'yar matsala ga mai Hausa. Yana neman kalmar ne yadda take a fassarar da ka buɗe, don haka idan ka rubuta "yumbu" alhali an buga "yumɓu", ko ka nemi "nufi" a inda mai fassara ya sa "shiri", kana iya rasa ayar da kake nema. Ka sa allon rubutu na Hausa a wayarka domin ka sami ɓ, ɗ da ƙ, ka gwada kalmar ta hanya biyu. Idan ka san sura da aya, rubuta su kai tsaye ya fi sauri.

Inda matsalar take

Annabawa da manzanni ba su rubuta littattafansu da lambobi ba. Rabon surori da muke bi yau ya samo asali ne daga Stephen Langton a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ne ya buga su a 1551. An sa su ne domin a riƙa samun wuri da sauƙi. To, YouVersion kusan komai nata a kan aya ɗaya aka gina shi: aya ɗaya take turo maka da safe, aya ɗaya kake shafa wa launi, aya ɗaya kake ɗorawa a kan hoto ka aika wa abokai. A wasu batutuwa wannan ba ya yin ɓarna sosai. A batun nufin Allah kuwa yana yi, domin kusan duk ayoyin da aka fi sani a wannan fanni suna zaune ne a tsakiyar labarin wahala da dogon jira, kuma idan aka ciro su, wahalar da jiran ne suke zama a baya.

Ɗauki Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi, shiri na alheri da bege. A kan kati mai hoton fitowar rana, mutum zai ɗauka an yi masa alkawarin cewa nan da 'yan watanni komai zai daidaita. Danna ayar ka buɗe surar gaba ɗaya. Wasiƙa ce da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga jama'ar da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila wajen shekara 597 kafin haihuwar Almasihu. Aya ta 10, wadda take manne da ta 11, ta ce sai shekara 70 sun cika. Wanda ya ji wasiƙar yana da shekara 30 ya san da wuya ya sake ganin gida da idonsa. Ayoyi 5 zuwa 7 kuma sun faɗa musu abin da za su yi kafin lokacin: su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su yi masa addu'a. Koma sura ta 28 ka ga Hananiya, wanda ya ce cikin shekara 2 za a karya karkiyar Babila, har ya cire karkiyar da ke wuyan Irmiya ya kakkarya a gaban jama'a. Maganarsa ta fi daɗin ji, amma ƙarya ce, kuma bai ga ƙarshen shekarar ba. Wanda ya karanta surorin biyu zai fito da bege mai ƙarfi, irin wanda yake sa mutum ya kama aikin da ke gabansa yau ko da amsar addu'arsa tana nesa. Wanda ya tsaya a katin kuwa ya tsinci zance daga tsakiya, kuma yana iya fita da saƙon Hananiya yana tsammanin na Irmiya ne.

Haka Romawa 8:28, wadda YouVersion ta sanar a matsayin ayar da aka fi shafa wa launi da adanawa da turawa a 2016. Ta ce Allah yana sa kome ya yi aiki domin alherin masu ƙaunarsa, waɗanda aka kira bisa ga nufinsa. Aya ta 29 ce take bayyana wane irin alheri: a mai da su su yi kama da Ɗansa. Kafin surar ta ƙare, Bulus ya lissafa ƙunci, tsanani, yunwa, tsiraici, hatsari da takobi a matsayin abubuwan da mai bi zai iya gamuwa da su ba tare da sun raba shi da ƙaunar Almasihu ba. Wannan ita ce zuciyar koyarwar gaba ɗaya. Abu na farko da Allah yake ginawa a rayuwar mutum shi ne mutumin kansa, halinsa da zuciyarsa, sannan sana'a da aure da hidima su biyo baya su sami wurinsu.

Sai maginin tukwane, wanda ba a maganar wannan batu ba tare da shi ba. A Irmiya 18 an aiki annabin gidan magini, ya tarar da shi yana aiki. Tukunyar da yake ginawa ta lalace a hannunsa, sai ya sake murɗa yumɓun ya gina wata yadda ya ga ya dace. Aya ta 6 ce ake yawan ɗorawa a hoto. Amma ayoyi 7 zuwa 11 sun nuna cewa maganar kira ce zuwa ga tuba: idan al'umma ta juyo daga muguntarta Allah zai janye hukunci, idan kuma ta juya masa baya zai janye alherin da ya yi niyya. A sura ta 19 aka sa Irmiya ya sayi tulun da an riga an gasa, ya tafi da dattawa kwarin Hinnom, ya fasa shi a gabansu, aka ce ba mai iya gyara shi. Ɗanyen yumɓu ana sake shi, gasasshe kuwa sai dai ya fashe. Surorin biyu tare suke tafiya, kuma babu katin aya da zai iya ɗaukar su.

Gyaran wannan matsala yana cikin manhajar kanta, kuma ba ya cin lokaci. Duk lokacin da ayar rana ta zo, ka danna ta ka buɗe cikakkiyar surar. Kafin ka shafa launi ko ka tura wa kowa, ka amsa abu uku: wa yake magana, da wa yake yi, kuma a wane hali suke. Idan surar ta fara da "saboda haka" ko makamancinsa, ka koma wadda ta gabace ta. Minti biyar zuwa bakwai ya isa yawancin surori.

Tsare-tsaren karatu

A jerin maɓallan da ke ƙasan fuska akwai na tsare-tsaren karatu. Kowane tsari an raba shi kwana-kwana, kowace rana tana da ɗan bayani daga marubuci da ayoyin da za a karanta, kana gamawa alamar kammalawa ta hau. Idan ka nemi masu magana a kan nufi ko kira ko baiwa da Turanci za ka ga sun fi ƙarfin ƙirga. Na Hausa kaɗan ne in aka kwatanta, kuma wannan giɓi ne da masu rubutu da masu fassara na Hausa ya kamata su ji nauyinsa. Akwai dabara ga mai ɗan jin Turanci: bayanin ranar zai tsaya a harshen da aka rubuta shi, amma idan aka zo kan ayoyin kana iya juya fassarar zuwa Hausa ka karanta Nassin da harshenka.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne yawancin tsare-tsaren nan daga waje suke zuwa, daga ikkilisiyoyi da ƙungiyoyi da marubuta da kamfanonin buga littattafai masu koyarwa iri-iri. Kasancewar tsari a cikin manhajar ba shaida ba ce cewa koyarwarsa ta yi daidai da ta ikkilisiyarka. Wasu suna da zurfi ƙwarai. Wasu kuma gutsuren wani littafi ne aka yanka kwana 3 ko 5 ko 7, a ƙarshe a nuna maka inda za ka sami sauran. Ba laifi ba ne, amma ka san abin da kake riƙe da shi.

Kafin ka fara kowane tsari akwai damar duba samfurinsa da ganin sunan wanda ya kawo shi. Ka yi amfani da ita. Ka buɗe rana ta farko da ta tsakiya, ka auna: idan bayanin marubuci ya cika fuska huɗu ko biyar amma Nassin aya ɗaya ce ko biyu daga littattafai mabambanta, to ra'ayinsa ne yake jan ayoyin. Ka duba ko ana maganar zunubi da tuba da gicciye, ko kuwa daga farko har ƙarshe maganar gano kanka ce da cika burinka. Ka duba ko ikkilisiya ta fito a ciki. Tsarin da ya mai da nufin Allah ya zama babban matsayi ko dukiya ko suna kaɗai yana cutar da mutane biyu: wanda ya samu sai ya ɗauka samunsa ne shaidar yardar Allah, wanda bai samu ba kuma, kamar mai jinyar iyaye shekara da shekaru ko mai fama da doguwar rashin lafiya, sai ya ga kamar an manta da shi a shirin. Afisawa 2:10 ta ce mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da ya riga ya shirya. Surori 4 zuwa 6 na wasiƙar sun nuna irin ayyukan: faɗin gaskiya, barin sata a kama aikin hannu domin a sami abin taimakon mabukaci, yafe wa juna, zaman miji da mata, tarbiyyar 'ya'ya. Mutanen Biriya an yabe su a Ayyukan Manzanni 17:11 saboda suna bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus kansa ya faɗa haka yake, to balle bayanin da ka tarar a waya.

Idan wasu kwanaki suka wuce ba ka yi karatun ba, akwai maɓallin da yake matso da ranakun tsarin su dawo daidai da yau. Ka yi amfani da shi maimakon ka zauna ka haɗiye karatun kwana shida a dare ɗaya domin kawai alamomin su cika. Akwai kuma damar bin tsari tare da abokai, inda kowa yake rubuta abin da ya fahimta a ƙarshen karatun ranar. Wannan yana aiki sosai ga mutum uku zuwa shida da suka san juna. Idan suka yi yawa, biyu ne za su riƙa rubutu, sauran su zama 'yan kallo.

Manhajar ba ta ba mai karatu damar gina nasa tsarin da ranakunsa ba, kuma wannan rashi ne. Amma kana iya rubuta jerinka a takarda ko a wurin rubutu na manhajar ka riƙa bi. Ga jerin da muke ba da shawarar a bi a kan wannan batu, sura 46 cikin kwana 24, wato wata ɗaya har da rarar kwanakin da rayuwa za ta cinye.

Kwana bakwai na farko a kan Yusufu, Farawa 37 zuwa 50, sura biyu kowace rana. A nan za ka fi daɗewa, kuma ya cancanta. Ka riƙa lura da shekaru: yana da 17 a sura 37, yana da 30 lokacin da ya tsaya gaban Fir'auna a 41:46. Shekara 13 ke nan tsakanin rami da gidan Fotifar da kurkuku, ciki har da shekara 2 cur bayan mai shayarwar sarki ya manta da shi. Ƙara shekara 7 na ƙoshi da 2 na yunwa, sai ka ga shekara 22 suka wuce kafin ya iya ce wa 'yan'uwansa Allah ne ya aiko shi gaba domin ceton rai. Maganar 50:20, cewa sun nufe shi da mugunta amma Allah ya nufe ta da alheri, daga bakin mutumin da ya waiwaya baya ta fito. Kada ka tsallake sura 38 don ka ga ba labarin Yusufu ba ne. Ta zuriyar Yahuza da Tamar ɗin nan Almasihu ya zo.

Sai Rut kwana biyu, Esta kwana biyar. A littafin Esta ba a ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba, amma hannunsa yana ko'ina, har a daren da barci ya ƙaurace wa sarki. Maganar Mordekai a 4:14 ma tambaya ce, wa ya sani ko saboda irin wannan lokaci ta zama sarauniya, kuma amsar Esta ita ce azumin kwana uku da shiga gaban sarki da ranta a hannu. Bayan nan Irmiya 1 rana ɗaya, 18 da 19 rana ɗaya, 28 da 29 rana ɗaya. Zabura 139 da Ishaya 64 tare. Romawa 8 da 9, washegari Romawa 12 ita kaɗai. Afisawa 1 zuwa 4 kwana biyu, 1 Korintiyawa 12 da 13, sannan a rufe da Ibraniyawa 11 da 12, inda aka faɗa ƙarara cewa da yawa daga cikin gwarazan bangaskiya sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Sura biyu sukan ɗauki minti 10 zuwa 15 in ana karantawa a natse.

Launi, rubutu, da wanda yake gani

Shafa launi yana da daɗi har mutum yakan wayi gari ya ga ya shafe rabin sura da rawaya, kuma daga nan launin ya daina nuna komai. Ka ware launi uku, kowanne da aikinsa: ɗaya ga abin da Allah ya yi ko ya faɗa, ɗaya ga abin da mutumin ya yi na biyayya ko na taurin kai, ɗaya ga duk inda aka ambaci tsawon lokaci. Bayan kwana 24 ka buɗe jerin abin da ka shafa. Launi na uku zai ba ka mamaki, domin za ka ga yawan shekarun da Nassi ya ratsa a cikin jimla ɗaya.

Wurin rubutu yana manne da aya, kuma yana da amfani ga wannan nazari, domin abin da mutum ya fahimta game da kiransa yau yana bukatar ya sake duba shi bayan wata shida. Ka rubuta gajere: abin da surar ta nuna game da Allah, da abu ɗaya da za ka yi a wannan mako. Amma ka kula. Manhajar tana da ɓangaren abokai, kuma abin da ka shafa ko ka rubuta yana iya bayyana gare su gwargwadon yadda saitinka yake. Mai rubuta damuwar aurensa ko tunanin barin aiki a ƙarƙashin aya ya tabbata ya zaɓi na sirri kafin ya adana, ya kuma shiga saitin asusu ya duba abin da abokai suke gani. Haka wurin addu'o'i: kana iya riƙe roƙo kai kaɗai ko ka raba shi da wasu, kuma roƙon da ya shafi sirrin wani ba a raba shi sai da izininsa.

Akwai lambar da take ƙirga kwanakin da ka jera kana buɗe manhajar, da bajoji da take bayarwa. Ga sabon mai bi da yake neman kafa al'adar karatu, suna taimakawa a makonnin farko. Sai dai shigarka take ƙirgawa, ba ta san ko ka karanta da zuciya ɗaya ba, kuma mutum yana iya jera kwana 300 yana leƙa ayar rana na daƙiƙa goma. Ranar da ka lura kana buɗe ta da tsakar dare domin kada lambar ta koma baya, lokacin daina kallon lambar ya yi. A sanarwa ma ka rage: ka bar tunatarwa ɗaya a lokacin da ka san kana da sarari, ka kashe sauran. Tun da ka riga ka sauke fassara, sa wayar a yanayin jirgin sama lokacin karatu yana toshe saƙonnin da suke sace hankali, wanda shi ne babban abin da littafin takarda ya fi waya da shi.

Hotunan ayoyi suna da kyau, kuma cikin daƙiƙa kaɗan ake haɗa su. Wannan saurin ne yake bukatar hattara. Wanda aka yi wa rasuwa jiya, ko wadda ta yi ɓari, ko wanda aka sallama daga aiki, idan Romawa 8:28 ta faɗo masa a waya da furanni a gefe, sau da yawa abin da yake ji shi ne an ce ya daina kuka. Ayar gaskiya ce, amma lokacinta bai yi ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma sai da suka buɗe baki suna bayyana dalilin Allah suka ɓata. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka tare da masu kuka. Ka kira shi, ko ka je ka zauna da shi, katin ya jira.

Abin da ba za ta yi maka ba

Wasu tsare-tsare suna ɗauke da tambayoyin gano baiwa, suna jingina da Romawa 12:6-8, 1 Korintiyawa 12, Afisawa 4:11 da 1 Bitrus 4:10-11. Suna da amfani wajen sa mutum ya fara tunani. Rauninsu shi ne kai ne mai tambaya kai ne mai amsa, kuma kowa yakan ba kansa maki a abin da yake sha'awar zama. A Ayyukan Manzanni 13, ikkilisiyar Antakiya tana sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu, kuma ikkilisiyar ce ta ɗora musu hannu ta sallame su. Don haka idan nazarinka ya kai ka ga tunanin cewa Allah yana kiranka ga wata hidima ko wani babban canji, ka ɗauki abin da ka rubuta ka kai wa fastonka ko dattijo ko wata uwa a cikin bangaskiya da ta daɗe da saninka. Ka nemi ƙaramin aiki a wannan fanni na wata uku zuwa shida, kamar koyar da yara ko ziyarar marasa lafiya ko riƙe lissafi, sannan ka tambayi waɗanda suka ga aikin, su faɗa maka gaskiya. Bezalel da Oholiyab a Fitowa 31 an cika su da hikima domin aikin ƙarfe da itace da dutse, saboda haka kada ka taƙaita binciken ga aikin bagade.

Iyaye kuma su sani cewa tsare-tsaren babbar manhajar an rubuta yawancinsu ne domin manya. Ga ƙananan yara akwai Bible App for Kids, wadda aka yi tare da ƙungiyar OneHope a 2013, mai labarai da hotuna masu motsi. Zama da yaro a karanta labarin tare, a tambaye shi abin da ya gane, ya fi miƙa masa wayar a tashi.

Wanda zai canza waya ya tabbata ya san imel da kalmar sirrin asusunsa kafin ya rabu da tsohuwar. Launuka da rubuce-rubuce suna bin asusu ne, kuma wanda ya buɗe sabon asusu a sabuwar waya zai tarar da ita wayam. Fassarorin da ka sauke kuwa ba sa biyo ka, sai ka sake sauke su tun kana da intanet.